Safar Hannun da Na Miƙar

Ni baduku ne ɗan baduku, kuma ba na faɗin haka da ƙasa-ƙasan murya. A shekarun da nake magana, wato bayan Hijira ta cika dubu da ɗari huɗu da ɗan motsi, in ka shiga unguwarmu ta Al-Sih ka ce kana neman wanda zai yi maka takalmin da ba zai ci maka ƙafa ba, shagonmu za a nuna maka. Mahaifina ne ya buɗe shi. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi, ya yi shekaru a Sudan yana ɗinka wa mutane salka da kube don ya sami guzurin gaba, har Allah ya sauke shi Madina, ya ce shi kam ya iso. A nan aka haife ni. Da idonsa ya fara rauni sai ya koma kan buzu a ƙuryar shago, ya bar mini wuƙa da basilla, shi kuma ya ci gaba da aiki da baki. Bakin bai taɓa rauni ba har ya bar duniya.

Aikinmu takalma ne, da gafakar Alƙur'ani, da ɗamarar fata mai aljihu wadda alhazai ke ɗaurawa a kan ihrami. In hajji ya gabato ba ma ɗaga kai, domin masu sayar da ita a Bi'ir Ali, inda motocin alhazai ke tsayawa, ba sa ƙoshi. Ni kuma Allah ya ba ni ido. Mutum zai tsaya a bakin ƙofa, kafin ya gama sallama na san girman ƙafarsa. Baba ba ya son wannan halin nawa. Shi dokarsa ɗaya ce, kada ka yanka fata sai ka ga tsohon takalmin mai ƙafar. A wurinsa tsohon takalmi ba ya ƙarya, shi ke nuna inda mutum yake taka ƙasa da ƙarfi da inda yake karkata. Nakan ce masa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Yakan ce to, Allah ya kyauta.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar Baba, yana zaune a unguwar Ƙurban. Tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Shi direba ne a wani kamfani da ke shimfiɗa bututun ruwa daga bakin teku zuwa Madina, kuma tun da ya fara ɗaukar injiniyoyi a mota ya koyi Turanci kamar cokali uku, yake ganin ya fi mu wayewa. Wata ranar Alhamis kafin azahar ya shigo da wani abu naɗe a tawul, ya dire mini a kan katakon yanka.

"Ya mu'allim, ajiye basillar nan. Yau na kawo maka shugul, aikin da ko Kawu bai taɓa gani ba."

Baba ya ce daga ƙurya ai Kawun yana ji.

Na warware tawul ɗin. Safar hannu ce ta fata, amma ta yi uku ta hannun mutum, yatsunta dogaye, an ɗaure su da juna da igiyoyin fata, tsakanin babban yatsa da manuni kuma an yi saƙa kamar raga. Ta tsufa ƙwarai. Tafinta ya yi baƙi ƙirin, ya lotsa ya zama rami, duk jikinta ya karkace gefe ɗaya, igiya biyu sun tsinke. Baba ya miƙo hannu aka ba shi. Abin da ya fara yi shi ne ya kai ta hanci, ya shafa ta da yatsa, sannan ya ce alhamdu lillahi fatar sa ce, ba ta alade ba, ana iya taɓawa.

Taubashina ya ba mu labarin mai ita. Bajapane ne, su a kamfani Yabani suke ce masa, yana kula da ma'ajiyar kayan aiki. Amma wannan ba ita ce sana'arsa ta asali ba. A ƙasarsu ɗan wasa ne, wasan da ake kira besbol, kuma da shi ya ci abinci shekara goma sha wani abu. Wani zai jefo ƙwallo mai girman lemo da taurin dutse, wani ya maka mata kulki, ta tashi sama ta yi nisa. Akwai mutum uku da ke tsaye can bayan fili, aikinsu su cafke ta kafin ta taɓa ƙasa. Mutumin nan ɗaya ne daga cikinsu, da wannan safa a hannun hagu. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce wato sana'ar mutum ke nan ya tsaya yana jiran abin da ya san zai faɗo, ai komai nisan jifa ƙasa zai faɗo ko ba a sa masa mai gadi ba.

Sai dai abin da ya biyo baya ba na dariya ba ne. Wasiƙa ta zo wa Bajapanen daga gida. Wata ƙungiya ta yarda ta gwada shi sau ɗaya, nan da mako bakwai. Ya haura talatin, kuma a wasan nasu wannan tsufa ne; in wannan ƙofa ta rufe babu wata. Ya ce ba zai shiga gwajin da wata safa ba sai wannan, ga shi bushewar iskar nan ta tsinka mata igiya. Shi kuma ba zai iya kawo ta da kansa ba, domin sansaninsu yana can bayan Bi'ir Ali, a wajen iyakar Harami, kuma wanda ba Musulmi ba ba ya ƙetare alamar nan. Shi ya sa safa ta shigo gari, hannun ya tsaya a waje.

Taubashina ya faɗa mini sarai, har sau biyu, cewa igiya biyun nan kawai mutumin yake so a canza. Baba kuma ya ce in bi shi in je in ga hannun tukuna. Na ce ina da ɗamara sama da ƙasa da ake jira, ba zan rufe shago don safa ba. Gaskiyar magana kuwa ba ɗamara ce ta hana ni ba. Tun da na ɗora ido a kan abin nan raina ya ɓaci, irin ɓacin ran da baduku yake ji in ya ga fata mai kyau an wulaƙanta ta. Na ce a zuciyata bari in nuna wa mutanen Japan yadda ake aiki a Madina.

Na warware igiyoyin duka. Na buɗe cikinta na tarar da wani irin ulu da aka cusa, ya daddanne ya zama kamar busasshiyar waina, wani wuri da kauri wani wuri siriri. Na zazzage shi na watsar a ƙasa, na cusa sabuwar auduga, na daidaita ko'ina. Ramin nan na tafi shi ya fi tsaya mini a rai. Na yanko kirgi mai kauri, irin wanda nake sa wa ƙasan takalmi, na sa shi ta ciki na ɗinke. Sannan na jiƙa ta, na shimfiɗa ta tsakanin katako biyu, na ɗora mata dutsen da muke danne fata har kwana biyu. Da ta fito ta miƙe sumul, yatsu biyar a jere kamar sahun salla. Na saƙa mata sababbin igiyoyi na jar fatar akuya, na shafe ta da mai har tana ƙyalli. Maƙwabtana na kasuwa suka zo suna kallo, kowa yana cewa ma sha Allah. Baba ya karɓa ya shafa, ya mayar mini bai ce komai ba, ni kuma na ɗauka abin ya fi ƙarfin bakinsa ne.

Ranar Juma'a ta sama bayan la'asar na shiga motar taubashina, don ina so in ga fuskar mutumin da idona. Sansanin ɗakunan kwano ne a jere a kan tsakuwa, duwatsu baƙaƙe a bayansu. Ya fito ya tarye mu. Ba dogo ba ne, amma ƙirjinsa faffaɗa, rana ta ƙona shi har ya kusa kama mu, yana tafiya kamar ƙasa ba ta ɗaukar nauyinsa. Ya karɓi safar da hannu biyu. Ya daɗe yana kallonta. Ya zura hannunsa, ya yi ƙoƙarin dunƙule ta, ta ƙi. Ya danna tafin da babban yatsa inda ramin yake a da. Sannan ya cire hularsa, ya sunkuya mini har kansa ya kusa kai ga gwiwa, ya daɗe a haka, ya ɗago da murmushi ya ce, "Shukran, mu'allim. Jamil." Wato ya gode, aikin ya yi kyau. Ya sake sunkuyawa. Ya ba mu shayi, ya raka mu har mota, ya sunkuya na uku.

Na dawo gida kaina ya kusa ƙin shiga ƙofa. Na ba Baba labarin sunkuyawar nan ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaye ni ko mutumin ya gwada ta da ƙwallo a gabana, na ce a'a, ai godiya ba ta bar shi ba. Sai ya ce shi a iya saninsa, wanda takalmi ya yi wa daidai ba ya doguwar godiya, sawa yake ya kama hanyarsa. Na ce Baba ai su al'adarsu daban. Ya ce al'ada daban, amma ƙafa ɗaya ce.

Bayan mako guda taubashina ya shigo shago ya zauna bai tsokane ni ba. Wannan kaɗai ya isa ya tayar mini da hankali. Ya ce da can kullum bayan an tashi aiki Bajapanen yakan fita bayan sansani, wani abokin aikinsa yana buga masa ƙwallo sama yana cafkewa. Tun da safar ta dawo ƙwallon ba ta zama a cikinta. Ya yi kwana shida yana fama, yanzu ya daina fita. Ya sa ta a akwati, kuma ya faɗa wa abokin nasa zai rubuta gida ya ce ba zai zo gwajin ba.

"Wallahi ya ɗan Kawu, gyaran gangar Abzinawa ka yi masa. Halas, shi ke nan, ka kashe wa mutum safa."

Na tashi da faɗa. Na ce tsufa ne ya kama shi yake neman wanda zai ɗora wa, in ba haka ba yaya za a yi sabon abu ya kasa tsoho? Na ce mu je yanzu ya yi a gabana. Na rufe aikin da ke hannuna na bar wa Baba shago.

Da muka isa sansanin, da ƙyar Bajapanen ya yarda ya fito da ita, yana ta cewa mafi mushkila, babu komai. Abokin nasa ya ɗauki kulki ya buga. Ni dai ban ma ga inda ƙwallon ta nufa ba, amma shi tun ƙarar bugun ba ta gama fita ba ya juya baya ya zura da gudu, bai waiwaya ba sai da ya kai wani wuri ya tsaya, ya ɗaga hannu. Ƙwallon kuwa nan ta sauko, kamar ita aka yi wa alkawari da shi. Ta faɗa tsakiyar safar, ta yi tsalle ta fita. Aka sake, ta sake fita. Na uku ya kama da taimakon hannun dama, ya tsaya yana kallon ƙasa. Ko makaho ya san ƙafar mutumin nan da idonsa ba su tsufa ba.

Na karɓi safar na sa, na ce a jefo mini a hankali. Ƙwallon ta bugi kirgin da na ɗinka ta koma kamar an jefa ta a kan faranti. A nan na gane. Ramin nan da na ɗauka lalacewa ce, shi ne aikin. Karkacewar da na danne da dutse, ita ce yadda hannunsa yake rufewa. Ta bakin taubashina ya gaya mini, ba tare da ya kalle ni ba, cewa sabuwar safa kowa yana iya saye, amma ramin ƙwallo ce take haƙa shi da kanta, shekara da shekaru. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da na fara riƙe wuƙa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan dokar, da ita aka yaye ni. An kawo mini tsohon takalmi har shago, na ƙi saurarensa.

Na ce ya ba ni ita. Ya yi murmushin nan nasa, ya fara sunkuyawa, yana cewa aikin ya yi kyau, laifin hannunsa ne. Nan fa zuciyata ta tashi, domin yanzu na san ma'anar sunkuyawar. Na ce wa taubashina, "Gaya masa ya daina yi mini ruku'u. Ni na ɓata, ni zan gyara. Kuma ba zan tafi da ita ko'ina ba, a nan zan yi, hannunsa yana ciki. Kada ya aika wasiƙar nan sai bayan mako uku." Ban san yadda ya fassara da Turancinsa na cokali uku ba, amma mutumin ya miƙe tsaye sosai, ya dube ni ido cikin ido karo na farko. Sai na ce ya ba ni hannunsa na hagu.

Na riƙe hannun nan na juya shi yadda Baba yake juya tsohon takalmi. Ƙaramin yatsa ya karkace waje. Gindin manuni ya yi kanta mai tauri. Na tsakiya ba ya lanƙwashewa har ƙarshe. Duk wanda na taɓa sai ya ba ni labarinsa, da guntun Larabci, da hannu, da taimakon taubashina, kuma haka muka ci gaba a kwanakin da suka biyo baya har na san rayuwarsa daga yatsunsa.

Ɗan masunta ne daga wani ƙaramin gari na bakin teku. Daga makaranta wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi, amma ya yi shekaru a cikin 'yan jiran gado kafin a fito da shi gaban jama'a. Bai taɓa yin suna wajen bugu ba, shi kamu aka san shi da shi. Ƙaramin yatsan nan a bangon filinsu na gida ya karya shi, ranar da ya bi ƙwallo har ya manta akwai bango, kuma ya ce bai sake ta ba. Daga baya kafaɗarsa ta sami matsala, aka kawo matasa, aka sallame shi da kyakkyawar magana. Maimakon ya zauna sai ya ɗauki safarsa ya tafi Amurka, ba manyan birane ba, ƙananan garuruwa inda ake kwana a mota daga wannan fili zuwa wancan, babu mai jin harshensa, babu shinkafar kirki. Yatsan tsakiya a can ya bar lafiyarsa, a jikin shingen waya. Ya yi kakar wasa biyu ya dawo gida ya tarar babu gurbi. Wani abokin mahaifinsa ya samo masa aikin ma'ajiya, shi ne ya tsinci kansa yana ƙirga bututu a bayan Bi'ir Ali. Na tambaye shi abin da ya fi wuya a tsaron bayan fili. Ya ce jira. Kana iya tsayawa rabin yini babu abin da ya zo wajenka, amma dole kowane bugu ka ɗauka naka ne.

Da na kai wa Baba wannan labari bai yi dariya ba. Ya ce ashe shi ma matafiyi ne. Sannan ya ɗaga gefen buzunsa ya jawo wani ƙunshin tsumma ya miƙo mini. Tsohon ulun nan ne da na watsar a ƙasa. Ya lallaba ya tsince shi tun ranar, guntu-guntu, bai bar ko ɗaya ba. Na ce Baba ka sani ka yi shiru? Ya ce ya faɗa sau ɗaya, kuma wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Na naɗe ƙunshin na sa cikin kayan aikina.

Mako uku kullum bayan la'asar ina bayan sansanin nan, kayan aikina a kan buhu. Masu jiran ɗamara suka yi ta aiko mini da baƙar magana, na ce su yi haƙuri ko su nemi wani. Na farke kirgin na jefar. Na zare audugata na mayar da tsohon ulun, kowane guntu na gwada shi a jikin yatsan da ya danne shi har sai ya zauna a mazauninsa. Igiyoyina na fatar akuya ma na cire, don suna miƙewa, na yanko na fatar sa. Saura ramin, kuma nan ne na san abin da Bajapanen bai sani ba. Shi a saninsa ƙwallo ce kaɗai ke haƙa rami, da shekaru. Ni kuwa na san fata ba ta mantuwa da wuri, kuma jiƙaƙƙiyar fata tana bin abin da aka ɗora ta a kai, haka ake yin tandu tun kakanni. Na jiƙa tafin da ruwan ɗumi, wanda hannu zai iya jurewa. Na ɗauko taɓaryar tagulla ta turmin gahawar gidanmu, wadda kanta ya yi daidai da girman ƙwallon. Maiɗakina ta ce in ban dawo mata da ita ba in shirya shan ruwan zafi da safe har abada. Mai safar yakan sa hannunsa ya nuna mini wurin, ya zare, in daka. Ya sake sawa, ya rufe, ya girgiza kai, in sake dakawa. In rana ta yi ƙasa mu sa ƙwallo a ciki mu ɗaure da rawani, in shafa mata ɗan kitsen jelar tunkiya, kaɗan ƙwarai, yadda Baba ya ce.

A makon farko ƙwallo ɗaya cikin uku take zama. A na biyu ta fara zama amma sai ya matse da ƙarfi, kuma ya nuna mini cewa a guje babu lokacin matsewa, dole safar ta rufe da kanta. Na sassauta igiyar gindin tafi, na ƙara ɗaure ta saman yatsu. Ban taɓa shakkar cewa za ta dawo ba, wannan kam zan faɗa. Abin da nake tsoro kwanaki ne, don suna tafiya ba sa jiran fata ta bushe.

Ranar ƙarshe ta makon na uku Baba ya ce a tafi da shi. Muka zaunar da shi a kan kujera a inuwar mota. Bajapanen ya zo ya gaishe shi, Baba ya riƙe hannunsa na hagu ya daɗe yana shafawa, ya ce da Hausa, "Sannu da hanya, ɗana." Ba a fassara ba, kuma ban ga alamar ana bukata ba.

Abokin nasa ya buga wata mai nisa ƙwarai, wadda ta nufi wajen duwatsu. Mutumin ya juya ya bi ta, tsakuwa tana tashi a bayansa, ya miƙa hannu ta saman kafaɗa yana cikin gudu. Muka ji wani sauti mai nauyi, ɗif, ba irin tas ɗin nan na kwanakin baya ba. Baba, wanda ba ya ganin ko motar da yake jingine da ita sosai, ya ce, "Ta zauna."

Aka buga goma a jere, bai yar da ko ɗaya ba. Ina tsaye ina gyara wuyan riga, ina jiran ya zo. Ya taho da sassarfa, fuskarsa a murtuke, ya cire safar ya tura mini ita a ƙirji. Ya nuna igiyar babban yatsa ya ce, "Hada shadid. Shuwayya." Wato ta yi tsauri, in sassauta kaɗan. Babu hula a hannu, babu murmushi. Na sassauta, ya fizge, ya zura hannu, ya naushi tafin sau biyu, ya juya ya koma fili a guje yana yi wa abokinsa alama ya buga. Ko shukran bai ce ba. Ni kuwa daɗi ya cika ni har na rasa inda zan sa kaina. Taubashina ya ce kai, yau ba a yi maka ruku'u ba. Na ce rufe mini baki.

Bajapanen ya tafi bayan kwana huɗu. Hajji ya zo ya wuce, muka shiga wata shekara, ba mu ji komai ba. Nakan tambayi taubashina, ya ce abokin mutumin ma an mayar da shi wani sansani. Na fara gaya wa kaina cewa ko ba a ɗauke shi ba, ba safa ce ta kayar da shi ba. Amma in na tuna kwana shidan nan da ya yi yana fama da aikina, da waɗanda ya yi bai fita ba, sai in kasa yarda da maganar tawa.

Sai wata safiya taubashina ya shigo da ƙaramin kwali, ya zo cikin jakar wasiƙun kamfani daga Japan. Ya ce injiniyan da ya ba shi ya gaya masa an ɗauki mutumin, kuma ya buga kakar nan har ƙarshenta. Na buɗe. Safar ce. Ramin ya ƙara zurfi ya ƙara baƙi, jar ƙasa ta shiga ɗinkin, busasshiyar ciyawa ta maƙale tsakanin yatsu biyu. Igiya ɗaya ta ragar ta tsinke. Ƙasarsu cike take da masu yin wannan safa tun daga tushe, amma ya naɗe ta ya aiko ta Al-Sih. A cikin ramin akwai 'yar takarda, an rubuta da haruffan Larabci karkatattu irin na ɗan koyo: igiya kawai.

Taubashina ya karanta da ƙarfi don Baba ya ji, su biyun suka yi ta dariya har maƙwabta suka leƙo. Na bar su suka gama. Na zaɓi fata, na yanko igiya ɗaya, na saƙa ta inda 'yar'uwarta ta fita. Sauran ban taɓa ba, ko ciyawar ban kakkaɓe ba.